Farfesana ya ce in yi ta tace alƙaluma har sakamako ya fito: in bi shi, ko in bar jami'a?

Assalamu alaikum. Ni lakcara ce a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na wata jami'a. Fannina shi ne hali da ɗabi'a, wato abin da ya bambanta wannan mutum da wancan, kuma burina tun ina ɗaliba in kai matsayin farfesa. Bayan na kammala digirin digirgir na yi bincike a kan ma'aikatan jinya sama da 400, ina sa ran in nuna cewa masu himma da tsari ba sa saurin ƙosawa da aiki. Da na gama lissafi, alaƙar ba ta fito ba, kusan sifili take. Farfesan da ya duba ni a digirin digirgir, wanda kuma yake cikin kwamitin ƙarin girma, ya ce in cire waɗanda suka manyanta, in gwada mata su kaɗai, in gwada masu aikin dare su kaɗai, duk inda abu ya fito sai mu rubuta kamar shi muka nufa tun farko. Ya ce haka kowa yake yi, kuma babu mujallar da za ta karɓi maƙalar da ta ce ba a ga komai ba. Sa'o'ina sun fi ni yawan maƙalu, ga lokacin miƙa takardun ƙarin girma ya matso. Barci ya gagare ni. In bi maganarsa, ko in haƙura da jami'a in nemi wani aiki?

Wata lakcara

Wa alaikumus salam, Dakta.

Kada ki yi abin da ya ce, kada kuma ki ajiye aikinki a kan wannan. Kin zo mini da hanya biyu kamar babu ta uku, alhali ta ukun tana cikin kwamfutarki: binciken da kika yi da hannunki, yadda ya fito.

Ke da kanki kin san lissafin, amma bari mu sake dubansa tare, domin tsoro yakan sa mutum ya manta abin da yake koyar da ɗalibansa. Ƙa'idar nan ta 0.05 da ake yanke hukunci da ita tana nufin cewa ko babu wata alaƙa a zahiri, gwaji ɗaya cikin 20 zai fito kamar akwai ta, don dace kawai. Idan kika kasa mutanenki gida-gida kika yi gwaji 14 da ba su jingina da juna ba, yiwuwar ki tsinci aƙalla ɗaya da ya “fito” ta haura rabi. In gwaje-gwajen sun kai 20, ta kai kashi 64 cikin 100. A shekarar 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn sun nuna cewa 'yan dabaru huɗu da masu bincike ke ɗauka ba komai ba ne, kamar ƙara mutane bayan an leƙa sakamako, ko zaɓar ma'aunin da ya fi daɗi cikin biyu, in aka haɗa su za su iya kai yiwuwar sakamakon bogi kusan kashi 61. Saboda haka in kin bi shawarar Farfesa, lallai wani abu zai fito. Sai dai ba zai gaya miki komai game da ma'aikatan jinya ba. Kuma ki tuna waɗanda za su karanta. Maƙalar da ta ce mata masu aikin dare marasa himma su ne ke saurin ƙosawa za ta iya faɗawa hannun wanda ke ɗaukar ma'aikata a asibiti, ya hana wata aiki a kan abin da ba shi da tushe. Wannan nauyi ne da sunanki zai ɗauka.

Akwai wani bambanci a nan da nake so ki riƙe da kyau, don shi zai buɗe miki ƙofar magana da Farfesa. Duba mata su kaɗai ko masu aikin dare su kaɗai ba laifi ba ne. Lalube cikin bayanai halas ne, da shi ake samun tambayoyin gobe. Laifin yana cikin rabin maganarsa na biyu, wato a rubuta kamar abin da aka tsinta shi aka fito nema, a kuma ɓoye sauran gwaje-gwajen da ba su ba da komai ba. Kina iya rubuta hasashenki na asali, ki ce bai tabbata ba, sannan ki buɗe wani sashe ki ce ga abin da muka laluba bayan haka, gwaji kaza muka yi, ga wanda ya ɗan nuna alama, yana jiran wanda zai sake gwada shi da sababbin mutane. Alƙaluman su ne dai, amma wannan gaskiya ce, waccan kuwa yaudara.

Ba na so ki ɗauki malaminki a matsayin maƙaryaci. Da ya ce haka kowa yake yi, labarin zamanin da ya taso a ciki yake ba ki, kuma bai yi ƙari sosai ba. A 2012 Leslie John da abokan aikinta sun tambayi masana halayyar ɗan Adam sama da 2,000 a Amurka, da yawansu suka amsa da bakinsu cewa sun taɓa ɓoye wani ma'auni da suka auna, ko sun ƙara mutane bayan sun leƙa sakamako. An horar da manyan malamai da dama a kan cewa wannan ƙwarewa ce. Abin da mai yiwuwa bai gama shiga jikinsa ba shi ne zamanin ya juya. A 2011 asirin Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan ya tonu, ya ƙirƙiri alƙaluma daga kansa, aka janye maƙalunsa sama da 50. A 2015 wani gungun masu bincike ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek suka sake gudanar da bincike 100 da manyan mujallu suka buga: 97 daga ciki sun ce sun ga sakamako a karon farko, amma da aka sake, kusan kashi 36 kawai suka tsaya. A cikin fanninki ma, Hans Eysenck, wanda ya rasu a 1997 yana cikin masanan da aka fi ambaton ayyukansu a duniya, bai tsira ba. A 2019 kwalejin King's da ke Landan ta bincika, ta ce maƙalu 26 da ya rubuta tare da Ronald Grossarth-Maticek, a kan cewa hali na da hannu wajen kamuwa da ciwon daji da ciwon zuciya, ba abin dogaro ba ne. Ban ce abin da aka nemi ki yi ya kai waɗannan muni ba. Abin lura shi ne shekara 22 bayan rasuwarsa aka dawo kan takardun. Ke kuwa kina farkon tafiya, a lokacin da mujallu ke neman a ɗora ɗanyen bayanai a intanet kowa ya sake lissafawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yau ya fi jiya ƙurewa.

Fannin naki ya fita daga wannan guguwa da mutuncinsa fiye da maƙwabtansa. A 2019 Christopher Soto ya ɗauki alaƙoƙi 78 da aka taɓa bugawa tsakanin manyan halaye biyar da masana fannin ke auna mutum da su da al'amuran rayuwa, ya sake gwada su da dubban mutane, kusan kashi 87 suka sake fitowa, ko da yake ƙarfinsu ya ɗan ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: masu nazarin hali sun saba tara mutane da yawa, da amfani da ma'aunan da aka daɗe ana gwadawa. Wannan gado ne mai tsada, cikinsa kike neman kujera.

Yanzu mu zo ga binciken naki, wanda kike kallo kamar asara. Felix Schönbrodt da Marco Perugini sun nuna a 2013 cewa ma'aunin alaƙa yakan fara zama daram ne idan mutane sun kai wajen 250. Ke kin wuce 400. Da irin wannan adadi, in da alaƙar gaskiya ta kai 0.20 (a ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa), yiwuwar ki gan ta ta kai wajen kashi 98. Kuma in abin da kika samu yana daf da sifili, tazarar kuskurenki ba ta wuce kimanin 0.10 sama ko ƙasa ba. Ashe ba “ban ga komai ba” ke hannunki ba. Abin da ke hannunki shi ne: a cikin waɗannan ma'aikata, in ma akwai alaƙar, ƙarama ce ƙwarai. Wannan ilimi ne. Wataƙila a wurin da aiki ya yi wa kowa yawa, himma ba ta kare mai ita, wataƙila ma mai himmar aka fi jibga wa aiki har amfanin ya tashi a banza. Hasashe nake yi, ke za ki gwada.

Amma kafin ki ce haka, ki tuhumi ma'aunin naki tukuna, kuma a nan nake so ki ɓata lokaci. Takardun tambayoyin da ake auna halayen nan biyar da su, wato son sabon abu, himma da tsari, sakin jiki da jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa, an gina yawancinsu ne a kan masu jin Ingilishi. Asalin aikin ma daga ƙamus ya faro, lokacin da Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum a 1936. Ba ko'ina tsarin biyar ɗin ke fitowa yadda ake so ba. Michael Gurven da abokansa sun gwada shi a kan mutum 632 na al'ummar Tsimane a Boliviya, suka buga a 2013 cewa biyar ɗin ba su fito ba. A 2019 Rachid Laajaj da abokansa suka duba amsoshin mutane sama da 94,000 a ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin arziki, suka ga tambayoyin sau da yawa ba sa auna abin da aka yi su dominsa, musamman inda wani ne ke karanta wa mutum tambaya baki da baki. Daga cikin dalilan akwai ɗabi'ar amsa “e” ga kowace tambaya, da ruɗewa a kan tambayoyin da aka juya su baibai. To ki duba naki. An fassara takardar? Wa ya fassara, an kuma mayar da ita harshen asali don a gwada? Tambayoyin himma sun tafi tare da juna, ko kowace ta kama gabanta? Ma'aikatan sun cike ta ne shugabansu na tsaye a kansu, har kusan kowa ya ba kansa maki mai yawa? In kowa ya ce shi mai himma ne, babu bambancin da alaƙa za ta fito daga cikinsa. In kin gano matsala a ma'aunin, to kin sami maƙala ta biyu, kuma a ganina ta fi ta farkon daraja, domin duk wanda zai yi aiki da wannan takarda bayanki sai ya ambace ki.

Maganar cewa babu mujallar da za ta karɓa, tana da kamshin gaskiya, amma ta tsufa. Har yanzu sakamako mai armashi ya fi saurin shiga, ba zan ɓoye miki ba, kuma mai yiwuwa a dawo miki da maƙalar sau ɗaya ko biyu. Sai dai akwai mujallu irin su PLOS ONE da Collabra da suka bayyana a fili cewa ingancin hanya suke dubawa, ba daɗin sakamako ba. Wasu irinsu suna cajin kuɗin bugawa, suna kuma da tsarin rangwame ko yafewa, sai ki nema tun kafin ki tura. Don bincikenki na gaba kuma, akwai tsarin da mujallar Cortex ta fara a 2013, wanda ɗaruruwan mujallu suka ɗauka daga baya: ki tura tambayarki da hanyar da za ki bi kafin ki tara bayani ko ɗaya, masu bita su duba, in sun amince mujalla ta yi alkawarin bugawa ko yaya sakamakon ya fito. Ga mai jiran ƙarin girma babu abin da ya kai wannan kwantar da hankali. Abin da zan gargaɗe ki a kai shi ne mujallun nan masu aiko saƙo suna cewa za su buga cikin mako guda in an biya. Matsi yakan tura mutane gare su, kuma maƙala a cikinsu tabo ce a takardun mutum.

Sai batun Farfesa, wanda na san shi ne ainihin abin da ke hana ki barci. Kada ki yi masa gardama a taron sashe ko gaban ɗalibai, babban mutum ba ya ja da baya a bainar jama'a. Kada kuma ki je masa hannu rabbana da “a'a” kawai. Ki rubuta daftarin maƙalar tukuna, da hasashen asali, da binciken ma'auni, da sashen lalube inda shawarwarinsa suka shiga da sunansu na gaskiya. Ki same shi shi kaɗai ki ce, “Ranka ya daɗe, na gwada duk abin da ka ce, ga su nan na sa a ciki. Na tsara ta haka ne saboda mujallun da nake hari suna neman ɗanyen bayanai da jerin duk gwajin da aka yi, ina tsoron kada masu bita su taɓa sunanka da nawa.” Ba ki ce masa ya yi kuskure ba, kin nuna masa inda haɗarin yake, kuma gaskiya kika faɗa. Malamai da yawa sukan sauko in an ba su hanyar saukowa da girmansu. Bayan kun rabu ki aika masa gajeren saƙon imel na godiya, ki jera abin da kuka tsayar, don ya zama a rubuce.

In ya ƙi, ya ce lallai sai yadda ya faɗa, to ki ce cikin ladabi ba za ki iya sa sunanki ba, ki tsaya a nan. Ki adana kwafin ɗanyen bayananki, da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da tsarin binciken da kika rubuta tun farko mai ɗauke da kwanan wata. Ki nemi wani babban malami da kika yarda da shi, ko da a wani sashe ne, ya san halin da ake ciki. Kai ƙara ga hukumar jami'a mataki ne na ƙarshe, sai in an buga wani abu da bayananki ba da yardarki ba, ko an fito fili ana danne ki. Zai iya ja miki jinkiri a kwamiti? Zai iya. Ba zan yi miki alkawarin cewa tsayawa a kan gaskiya kyauta ba ce, kina iya rasa zagaye ɗaya na ƙarin girma. Amma shi mutum ɗaya ne a kwamitin, kuma a jami'o'i da yawa, in aka zo manyan matakai, masana na waje ake aika wa maƙalun mutum su tantance, waɗanda ba ruwansu da abin da ya shiga tsakaninku.

Ki samo kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ki karanta da idonki, kada ki dogara da abin da ake faɗa a ofis. Ki ga maƙala nawa ake nema, wace irin mujalla ake ƙirgawa, maki nawa ake ba koyarwa da duba ɗalibai. Sau da yawa giɓin bai kai yadda tsoro ya zana shi ba. In akwai giɓin, akwai hanyoyin cike shi na halas. Manyan binciken da ke bin mutane shekara da shekaru, irin su MIDUS na Amurka da SOEP na Jamus da HILDA na Ostireliya, suna ɗauke da ma'aunin halayen biyar, kuma masu bincike na iya neman izinin aiki da bayanansu. Rumbun tambayoyi na IPIP da Lewis Goldberg ya assasa kyauta ne, kowa na iya ɗauka ya fassara. Akwai kuma haɗakar ɗakunan bincike ta duniya da aka kafa a 2017, Psychological Science Accelerator, inda malamai daga ƙasashe da dama ke tara bayanai tare su buga tare. Sun fi kowa buƙatar abokan aiki daga wuraren da ba a cika bincike ba, tun da Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa kashi 96 na mutanen da manyan mujallun fannin ke nazari daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba.

Game da sa'o'inki da suka wuce ki, ki dubi yadda sunaye ke kafuwa a wannan fanni. Ernest Tupes da Raymond Christal sun gano tsarin halaye biyar tun 1961, a wani rahoto na rundunar sojan saman Amurka da kusan ba wanda ya karanta, sai a 1992 wata mujallar fannin ta sake buga shi. Bayan Walter Mischel ya yi suka a 1968 cewa alaƙar hali da abin da mutum ke aikatawa ba ta cika wuce 0.30 ba, fannin ya shiga shekaru na rashin kasuwa, har wasu suna ganin ya mutu. Waɗanda suka farfaɗo da shi, irin su Paul Costa da Robert McCrae a Baltimo, sun yi haka ne da bin mutane ɗaya tsawon shekaru suna sake auna su. Binciken Dunedin a Niyu Zilan yana bin mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, kuma daga cikinsa Terrie Moffitt da Avshalom Caspi suka fitar da ayyukan da aka san su da su. Hali abu ne da sai an bi shi a hankali ake ganin yadda yake tafiya, shi ya sa mai haƙuri da bayanai masu tsabta yake cin riba a nan fiye da mai saurin bugawa.

Barin jami'a ba abin kunya ba ne. Mai irin iliminki na da wurin zuwa: kamfanoni masu tsara gwajin ɗaukar ma'aikata, hukumomin jarrabawa, ƙungiyoyin da ke gudanar da binciken jin ra'ayi. In wata rana kin ga koyarwa da bincike sun daina yi miki daɗi, ki tafi da kanki a sama. Amma wasiƙarki ba ta mai ƙosawa da fannin ba ce. Wadda ba ta damu da binciken ba da tuni ta yi abin da aka ce ta yi barcinta. Kuma kada ki yanke hukunci irin wannan a cikin makonnin da ba kya runtsawa. In rashin barcin ya ci gaba, ki ga likita, kada ki ce ai ni na karanci abin.

Ma'aikatan jinyar nan 400 su ne jarinki mafi girma, in kin riƙe su. Ki duba takardar amincewar da suka sa wa hannu, ko ta ba ki damar sake tuntuɓarsu. In ba ta bayar ba, ki koma kwamitin ɗa'a ki nemi izini tun yanzu, kafin a yi musu canjin wurin aiki su watse. Ki sake auna su bayan shekara ɗaya, sannan bayan biyu, ki ga wa ya ƙosa, wa ya bar aikin, wa halinsa ya sauya. Wannan karon ki rubuta hasashenki da hanyar lissafinki ki ajiye da kwanan wata a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, kafin ki raba takarda ko ɗaya, ki kuma ƙara tambayoyi a kan yawan majinyatan da kowa ke kula da su da awannin da yake yi a mako.